Ɗankon ƙudan zuma da ciwon dasashi: tambayoyi da amsoshi

A shagunan kayan zuma da na maganin gargajiya an fara ganin wasu ƙananan kwalabe masu ruwa baƙi-baƙi, da man goge baki, da na kurkurawa, duk ɗauke da sunan furofolis, wato ɗankon da ƙudan zuma ke liƙe amyarsu da shi. Abin da aka fi tallata shi da shi shi ne kashe ƙwayoyin cutar da ke cin dasashi. Maganar tana da tushe, sai dai an yi mata ƙari, kuma ƙarin nan ne ke sa mutum ya zauna a gida yana kurkure baki har haƙoransa su fara girgiɗi.

Mene ne wannan ɗanko? Ba shi ne kakin zuma ba?

A'a, abu uku ne daban-daban. Zuma daga ruwan fure ake yin ta. Kaki daga jikin ƙudan yake fita, ta ƙarƙashin cikinsu, da shi suke gina saƙa. Ɗanko kuwa fita suke yi su kankaro ƙaro daga tohon bishiyoyi da wuraren da ɓawo ya tsage, su ɗauko shi a ƙafafunsu na baya, su cuɗa shi da kaki da yawunsu.

Duk wanda ya taɓa buɗe amyar katako ya san shi, ko da bai kula ba. Sandunan saman ba sa ɗaguwa sai an zura wuƙa an ɓamɓare, domin an liƙe su da wani abu mai ruwan ƙasa. Da tsakar rana laushi gare shi, ya manne a yatsa ya ƙi fita da ruwa da sabulu. Da asubar hunturu kuwa ƙas yake karyewa. Yana da ƙamshin itace, in aka taɓa shi da harshe a ji ɗaci da ɗan yaji. Masu kiwon zuma da yawa kankare shi suke yi su yar, don a wurinsu abin da ke hana aiki sauri ne kawai.

Kusan rabinsa ƙaro ne, kimanin kashi 30 cikin 100 kaki, sauran kuma mai mai ƙamshi ne da garin fure da tarkace. An gano sinadarai sama da 300 a cikin ire-irensa.

Me ƙudan suke yi da shi?

Toshe kafofi, rage faɗin ƙofa, da shafe bangon amya. Cikin amya akwai ɗumi na kusan digiri 35 inda ake renon 'ya'ya, ga laima, ga abinci mai zaƙi, ga dubun dubatar ƙuda a cunkushe. Wuri ne da ya kamata a ce ƙwayoyin cuta sun cinye, amma ba haka ake samu ba. In ɓera ko ƙadangare ya shiga suka harbe shi ya mutu, kuma ya fi ƙarfin su ja shi waje, sai su lulluɓe gawar da ɗanko, ta bushe ba tare da ta ruɓe ta yi wari ba. A shekarar 2009 masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Marla Spivak, sun nuna cewa amyar da aka shafe cikinta da ɗanko tana da ƙarancin ƙwayoyin cuta, kuma garkuwar jikin ƙudan ba ta wahala kamar ta waɗanda ba su da shi. Likitocin haƙori ma sun gwada shi a baki.

Ni dai jini kawai nake gani in na goge baki. Wannan ma ciwo ne?

Ciwo ne, kuma matakinsa na farko ke nan. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi da burushi ko asuwaki. Abin da ke faruwa shi ne, wata dauɗa mai santsi tana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ba ragowar abinci ba ce kawai, galibinta ƙwayoyin bakteriya ne masu rai da suka manne da juna. Jiki ya ji su sai ya turo jini da mayaƙansa, dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da an taɓa.

An tabbatar da wannan tun 1965 a garin Arhus na ƙasar Denmak. Likita Harald Löe da abokan aikinsa suka sa mutum 12 masu lafiyayyen baki, galibinsu ɗaliban likitancin haƙori, su daina goge baki gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 duk dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda ya warke, ba tare da an ba su ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan mataki ana komawa daga gare shi sarai.

Mataki na biyu ne abin tsoro. A wasu mutane kumburin yana gangarawa ƙasa, dasashi ya rabu da jikin haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. Ramin lafiyayye bai wuce milimita 3 ba. In ya kai 4 an shiga matsala, in ya kai 6 ko fiye abin ya yi nisa. A cikin ramin nan ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori yake narkewa a hankali, shekara da shekaru, kuma yawanci babu zafi. Rashin zafin nan shi ne ke yaudarar mutane. Sai a wayi gari haƙoran gaba sun yi tsawo, sun buɗe, suna motsi, baki na wari, wani lokaci mugunya na fita in an danna. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya, suna da wannan mataki mai tsanani. Haƙoran da muke gani suna zubewa dattawanmu muna cewa tsufa ne, da yawansu wannan ciwo ne ya ci ƙashinsu.

Waɗanne ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi?

Bakin ɗan Adam yana ɗauke da ire-iren bakteriya kusan 700, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa, wasu ma kariya ce. A 1998 Sigmund Socransky da abokan aikinsa a Cibiyar Forsyth da ke Boston suka duba samfurin dauɗar haƙori sama da 13,000, suka ga akwai guda uku da kusan kullum ake samun su tare a ramuka masu zurfi masu jini: Porphyromonas gingivalis, Tannerella forsythia da Treponema denticola. Akwai wasu da ke share musu hanya, irin su Fusobacterium nucleatum da Prevotella intermedia.

Porphyromonas gingivalis ce aka fi nazari. Ba ta rayuwa inda iskar oksijin take, shi ya sa ramin dasashi ya dace da ita. Ba ta damu da sukari ba, abincinta furotin ne da sinadarin ƙarfe na cikin jini, don haka duk lokacin da dasashi ya yi jini, abinci ya samu. Tana fitar da wasu sinadarai masu yanka furotin da ake kira jinjifen, waɗanda ke lalata nama kuma su rikita garkuwar jiki. Ko ba ta da yawa takan sauya zaman sauran ƙwayoyin da ke wurin, abin ya karkata zuwa cuta. A lura kuma: yawancin ɓarnar ƙashin ba ƙwayar ce ke yi da kanta ba, kumburin da jiki ke tayarwa don yaƙar ta ne ke narkar da shi.

To da gaske ɗankon yana kashe su?

A ɗakin gwaje-gwaje, ƙwarai kuwa. An maimaita wannan a Brazil, Turkiyya, Japan, Indiya da wasu ƙasashe. In aka shuka ƙwayoyin a faranti aka ɗiga musu ruwan ɗanko da aka tace, sai a ga fili ya zagaye ɗigon inda ba su iya tsira ba.

Wani bincike da aka buga daga Japan a 2018 ya duba yadda abin ke faruwa. Sun yi amfani da ɗankon Brazil a kan Porphyromonas gingivalis, suka ga cikin kusan rabin awa fatar da ta lulluɓe ƙwayar ta fara lalacewa, ta yi ƙuraje-ƙuraje a na'urar hangen ƙananan halittu, abin cikinta ya fara zuba. Sun ware sinadaran da ke wannan aiki, ciki har da atefilin C da asid ɗin ursolik. Abin da ya fi jan hankali a ganina shi ne, ɗankon ya fi tasiri a kan wannan ƙwaya fiye da wasu bakteriya na baki da ba sa cutarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin matsalar magunguna masu ƙarfi ita ce sukan share mai kyau da marar kyau.

Ban da kisa, wasu sinadaran ɗanko suna kwantar da kumburi. A gwajin ɓeraye an ga narkewar ƙashin muƙamuƙi ta ragu. Tun da kumburi ne ke cin ƙashi, wannan ɓangare zai iya zama da muhimmanci kamar kisan ƙwayoyin.

In yana kashe su, me ya hana ya warkar da ciwon?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙwayar da ke faranti a fili take, ɗankon ya zauna a kanta awa 24 ko fiye, babu mai wanke shi. Ta cikin baki ba haka take ba.

Da farko, a dunƙule suke zaune cikin wani majina-majina da suka gina wa kansu, wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi. Ku duba santsin da ke kama cikin randa in ta kwana biyu ba a wanke ba: ko an zubar da ruwan an sake sabo, ko an jefa alif, santsin yana nan sai an sa hannu da soso an dirje. Haka dauɗar haƙori take. Ƙwayoyin da ke cikin irin wannan dunƙule suna jure magani ninki-ba-ninki fiye da waɗanda ke yawo su kaɗai.

Na biyu, in dauɗar ta daɗe, cikin kwanaki zuwa makonni biyu, ma'adinan yawu suna daskarar da ita ta zama dutse. Shi ne abin nan mai ruwan ɗorawa ko baƙi da ake gani a bayan haƙoran gaba na ƙasa, musamman ga masu cin goro da shan taba. Wanda ke ƙarƙashin dasashi ba a ma ganin sa. Babu ruwan kurkurawa, babu man goge baki, babu ɗanko da ke narkar da shi. Samansa kuma kaushi gare shi, sabuwar dauɗa na kama shi nan da nan.

Na uku, abin da aka kurkura ba ya shiga rami sai ɗan bakinsa. Ko likita ya zura magani ciki da sirinji, wani ruwa da ke tsattsafowa daga dasashi yana wanke ramin sau da yawa a cikin awa guda. Ɗankon na iya zama mai ƙarfi, amma in bai kai inda abokan gaba suke ba, ko ya kai bai daɗe ba, ƙarfin bai yi amfani ba.

An gwada shi a jikin mutane kuwa? Me aka gani?

An gwada, kuma sakamakon yana da ɗan ƙarfafa gwiwa. A 2020 wani nazari ya tattara gwaje-gwaje tara da aka yi da ruwan kurkure baki na ɗanko, mutanen da ke ciki duka ba su kai 350 ba. Galibi an ga dauɗa da kumburin dasashi sun ragu. A shekarar dai aka buga wani gwaji daga Japan, inda aka raba mutum 24 gida huɗu, aka riƙa zura wa wasu man ɗanko cikin ramin dasashi wata-wata har sau uku, aka ga yawan Porphyromonas gingivalis ya ragu a wurinsu. Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa in an haɗa ɗanko da wankin haƙori na asibiti, zurfin rami yakan ragu fiye da in an yi wankin kaɗai.

Amma a dubi girman gwaje-gwajen. Mutum shida a rukuni ɗaya ba adadi ba ne da za a gina hukunci a kai. Yawancinsu makonni ne ko 'yan watanni, alhali ciwon na shekaru ne. Kowane rukuni da irin ɗankon da ya yi amfani da shi da yadda ya haɗa shi. Kuma abin da masu talla ba sa faɗa: a gwaje-gwajen masu ciwon da ya yi zurfi, an fara kankare musu haƙora tukuna, ɗankon ƙari ne. Shi ya sa ƙa'idojin jinya da Tarayyar Likitocin Dasashi ta Turai ta fitar a 2020 suka dogara kan tsaftar baki da kankare dutsen da ke ƙarƙashin dasashi, kuma ɗanko ba ya cikin abubuwan da suka ba da shawarar a yi amfani da su.

Hukuncina a nan: mataimaki ne mai alamar amfani, musamman a matakin farko. Ba magani ba ne da zai tsaya da ƙafarsa.

Ya yake in an kwatanta shi da ruwan kurkurawa na kemis, ko da Flagyl?

Ruwan kurkurawar da likitoci suka fi amincewa da shi shi ne kuloheksidin, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Corsodyl. An shafe shekara sama da 50 ana gwada shi, kuma yana manne wa baki ya ci gaba da aiki sa'o'i bayan an tofar. Aibinsa shi ne yana rina haƙori da harshe, yana dusashe ɗanɗano, don haka na ɗan lokaci ake ba da shi, kamar mako ɗaya zuwa biyu. A wasu ƙananan gwaje-gwaje ɗanko ya yi kusa da shi, a wasu kuma bai kai ba.

Batun Flagyl da amoksilin kuwa, ɗabi'ar shiga kemis a saya duk lokacin da dasashi ya kumbura ɓarna ce. Kumburin zai lafa na 'yan makonni ya dawo, tun da dutsen yana nan, ga kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Likita yakan rubuta su ne a yanayi na musamman, tare da wanki.

Duk ɗanko iri ɗaya ne?

Ko kusa. Ƙudan zuma abin da ke kusa da su suke ɗiba, don haka bishiyar wuri ita ce ke yanke abin da ke cikin ɗankon wurin. Na Turai, Arewacin Amurka da yawancin na Sin daga tohon bishiyar fofla yake, mai sinadarai irin su finosembirin da galanjin. Koren ɗanko na jihar Minas Gerais a Brazil daga wani tsiro yake mai suna Baccharis dracunculifolia, shi ke da atefilin C, kuma Japanawa ne manyan masu sayen sa. Akwai ja na gaɓar tekun arewa maso gabashin Brazil, wajen Alagoas, daga tsiron Dalbergia. Masu bincike a Jami'ar Strathclyde ta Sikotlan sun duba samfura daga ƙasashen Afirka, suka ga da yawansu sinadaransu sun sha bamban da na Turai, sun kuma samu wani jan ɗanko daga jihar Ribas mai kama da jan na Brazil. A ƙasashe masu zafi an sha gano cewa ƙaron mangwaro na cikin abin da ƙudan ke ɗiba.

Ma'anar wannan ita ce, sakamakon da aka samu da koren ɗankon Brazil ba hujja ba ce a kan abin da aka kankaro daga amya a Zariya ko Maraɗi. Kowanne sai an gwada shi da kansa. Wannan aiki ne da ya dace jami'o'inmu masu sashen haɗa magunguna da na haƙori su riƙe da gaske, don masu kiwon zuma suna zubar da abin da wasu ƙasashe ke sayarwa da tsada.

Akwai kuma batun tsabta. In ƙudan suka rasa ƙaro sukan ɗebi kwalta ko fenti. Ɗankon da aka kankaro daga amya mai fenti na iya ɗauke da dalma, wanda ke kusa da gonar da ake feshi kuma na iya ɗauke da maganin ƙwari.

In zan gwada, yaya zan yi?

A fara da wanda aka sarrafa, mai lambar NAFDAC ko ta hukumar magunguna ta ƙasar da kake, wanda aka rubuta ƙarfinsa a jiki. Kafin ya shiga baki a shafa ɗan kaɗan a cikin dantse, a jira kwana biyu, a ga ko wurin zai yi ja ko ƙaiƙayi.

In mai ɗigo ne, a ɗiga adadin da aka rubuta cikin ɗan ruwa. Za a ga ruwan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, wani zobe mai ruwan ɗorawa ya kama gefen kofin. Ƙaron ne da ba ya narkewa a ruwa. A goge baki tukuna, sannan a kurkura na kusan minti ɗaya a tofar. Kada a ɗiga shi tsagwaronsa a kan dasashi, yana ƙona fatar baki har ya bar gyambo. Ruwan kurkurawar da aka yi gwaji da su galibi masu sauƙi ne, ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Tauna ɗanyen ɗanko ba shi da wata fa'ida a kan wannan. Yana manne wa haƙori, yana iya ciro cikon da likita ya yi, kuma tarkacen amya duk suna ciki.

An ce da barasa ake jiƙa shi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne ga yawancin masu ɗigo. Sinadaran da ke aikin ba sa narkewa sosai a ruwa, don haka da sinadarin itanol ake tatso su, sau da yawa mai ƙarfin kashi 70. Yawancin binciken da aka yi ma da irin wannan aka yi. Akwai waɗanda ake haɗawa da gilisarin, ko furofilin gilaikol, ko ruwa, kuma ana rubutawa a jikin kwalba, sai dai na ruwa zalla yakan fi rauni. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin irin wannan sinadari a cikin magani, don haka wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin da ya amince da shi, ko ya ɗauki man goge baki ko wanda ba shi da itanol.

Wa bai kamata ya yi amfani da shi ba?

Duk wanda jikinsa ke bori da zuma, harbin ƙudan zuma, garin fure, ko wasu turaruka da man shafawa masu ƙamshi. Ɗanko sananne ne wajen tayar da borin fata, har a 2019 aka saka shi cikin jerin abubuwan da likitocin fata na Turai ke gwada marasa lafiya da su a kai a kai. A baki yakan zo da kumburin leɓe, ja, ƙaiƙayi ko gyambo, kuma mutum na iya yin watanni yana amfani da shi lafiya kafin borin ya taso. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti nan take.

Mai asma ya yi hattara. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ya tambayi likitansa. Mai ciwon ƙoda kada ya sha, an taɓa samun rahoton ƙoda ta tsaya bayan shan sa. Ba a ba jarirai. Mai juna biyu, wadda dasashinta kan kumbura saboda sauyin jiki, ta bar shi ta je a wanke mata haƙori, wankin ba ya cutar da ciki.

Ina da ciwon sukari. An ce yana taimaka wa irinmu.

Inda maganar ta samo asali shi ne wani gwaji a Jami'ar Mansura ta Masar da aka buga a 2016. Mutum kusan 50 masu ciwon sukari da ciwon dasashi, duka aka yi musu wankin haƙori mai zurfi, sannan aka ba rabinsu ƙwayar ɗanko miligiram 400 kullum har wata shida. Waɗanda suka sha ɗankon sun fi samun sauƙi a dasashi da kuma awon sukari na wata uku.

Gwaji ɗaya ne ƙarami, kuma babu wanda aka dakatar wa maganinsa na sukari. Abin da ya fi tabbata shi ne alaƙar cututtukan biyu: sukarin da ba a riƙe ba yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da riƙe sukari. Nazarin 2022 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ya nuna cewa jinyar dasashi kaɗai tana rage awon nan na wata uku da kusan maki 0.4 a ma'auninsa na kashi cikin 100. Mai ciwon sukari da bai taɓa zuwa an duba masa dasashi ba, wannan ya fi masa gaggawa a kan kowace kwalba.

Ɗana ƙarami dasashinsa ya kumbura, yana jini yana wari. In shafa masa?

Kada ki shafa masa komai, ki kai shi asibiti yau. Ciwon dasashin manya a hankali yake tafiya, amma akwai wani na yara da ba ya jira. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, mai tamowa ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, in dasashinsa ya yi gyambo, yana jini, baki na ɗoyi, kumatu ya fara kumbura, yana iya zama farkon cutar noma mai zaizaye baki da fuska. Cikin 'yan kwanaki takan huda kumatu, kuma in ba a yi magani ba kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Yankinmu na cikin inda ta fi yawa a duniya. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Kwana biyun da za a ɓata ana gwada ɗanko ko zuma na iya zama su ne tsakanin yaro da fuskarsa.

Zuma fa? Ba waraka ba ce?

Zuma na da matsayinta a wurinmu, an ambace ta a Suratun Nahli, kuma likitoci ma suna amfani da wata irinta a kan gyambo. Amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne. Shafa ta a dasashi a kwana da ita abinci ne ga ƙwayoyin da ke huda haƙori. A sha ta, a kurkure baki.

Ina yin asuwaki kullum. Bai isa ba?

Asuwaki yana cire dauɗa sosai in an iya shi, kuma na itacen arak da na darbejiya suna da sinadaran da ke hana bakteriya yaɗuwa. Inda ake samun giɓi shi ne, mutane da yawa fuskar haƙoran gaba kawai suke gogewa. Ɓangaren harshe, turamen can ciki, da tsakanin haƙora duk ana barin su, kuma a nan ciwon ke farawa. A bi layin da haƙori ya haɗu da dasashi, ciki da waje, a hankali ba da ƙarfi ba, a kuma sa zaren sakace ko ƙaramin burushin tsakanin haƙora. Man goge baki mai fuloraid sau biyu a rana shi ke kare haƙori daga ruɓewa, don haka in za a sayi mai ɗanko a duba ko yana da fuloraid, da yawansu ba su da shi.

Na yi amfani da shi jinin ya tsaya. Na warke ke nan?

Wataƙila, in matakin farko ne kuma ka gyara gogewarka. Amma tsayawar jini a sama ba ta nuna abin da ke ƙasa. Masu shan taba ma dasashinsu ba ya yawan jini, saboda nikotin na matse jijiyoyi, alhali su ne ciwon ya fi ci. Akwai kuma abubuwan da ke kama da ciwon dasashi amma tushensu daban: maganin hawan jini irin su amlodifin da nifedifin da na farfaɗiya fenitoyin suna sa dasashi ya yi kauri ya hau haƙori, ƙarancin bitamin C da wasu cututtukan jini kuma suna sa shi zubar jini.

Hanyar sani ɗaya ce, awo. Likita na da wani siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita a bakinsa, yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, yana kiran lambobi ana rubutawa. In ana jin biyu, uku, biyu, lafiya. In aka fara jin biyar, shida, sai a ɗauki hoto a ga inda ƙashi ya tsaya.

An ce wankin haƙori na asibiti yana sa haƙori ya yi girgiɗi ya buɗe.

Wannan magana ta hana mutane da yawa zuwa, kuma ga asalinta. Wanda ya daɗe da ciwon, ƙashinsa ya riga ya narke, dutse ya cike gurbin ya haɗe haƙoran wuri ɗaya, kumburarren dasashi kuma ya rufe giɓin. In aka kankare dutsen, kumburi ya saɓe, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili: ga tazara, ga ɗan motsi, ga tsami in an sha ruwan sanyi. Ba wankin ne ya jawo ba, ya dai tona. Tsamin yakan lafa cikin 'yan makonni, motsin ma sau da yawa yana raguwa in dasashi ya kama jikinsa.

Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kurkura ko shafawa, sai dai a tsayar da ɓarnar inda ta kai, a wasu wurare ƙalilan kuma a yi tiyatar ciko. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, kuma ma'aikatan da aka horar kan tsaftar haƙori suna yin wankin, ba lallai sai babban likita ba. In ramukan na da zurfi ana kashe wurin da allura a yi aikin kashi-kashi, a dawo bayan wata biyu ko uku a sake awo. Wanda yake son ya haɗa da ɗanko, wannan ne lokacinsa, bayan an kankare, kuma ya tafi da kwalbar ya nuna wa likitan.